Gudu da Ƙwallo a Bakin Sanda

A jami'o'in Amurka akwai wani wasa na 'yan mata wanda duk wanda ya fara ganinsa sai ya rantse da dabo a ciki. Yarinya ce za ka ga ta kwasa a guje iya ƙarfinta, riƙe da sanda mai tsawon mita ɗaya ko ɗan fiye. A kan sandar an ɗaura wata 'yar raga marar zurfi, a cikin ragar kuma ga ƙwallon roba mai tauri, wanda bai kai ƙwallon tanis girma ba amma ya ninka shi nauyi har da ɗoriya. Mutum biyu ko uku sun rufa mata baya, kowace na neman ta doki sandarta ƙwallon ya zube. Ta yi dama, ta yi hagu, ta sauya sandar daga wannan hannu zuwa wancan, ƙwallon yana nan daram. Ba a ɗaure shi ba, ba a manna shi da komai ba, ba ta kuma sa masa yatsa ba, domin doka ta hana. Sunan wasan lakuros, kuma abin da ke riƙe da ƙwallon nan gwanintar wuyan hannu ce, wadda ake koyonta kamar kowace sana'a.

Wasan baƙo ne a ƙasarmu, don haka bari in ɗan gabatar da shi. Asalinsa na mutanen da Turawa suka tarar a Arewacin Amurka ne, musamman ƙabilun Haudenosaunee na yankin New York da Kanada. A 1867 wani likitan haƙori a birnin Montreal, George Beers, ya tsara masa dokoki a rubuce. Na mata kuwa a makaranta aka haife shi. Ɗaliban St Leonards, wata makarantar 'yan mata a Sikotilan, su suka fara buga shi a 1890, sannan wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kafa ƙungiya a makarantar 'yan mata ta Bryn Mawr da ke Baltimore a 1926. Malamai mata ne suka rene shi, shi ya sa dokokinsa suka sha bamban da na maza. A na maza akwai bangaza da hular kwano da kayan kariya. A na mata an hana bangaza, an bar wa ƙafa da hannu aikin.

Shekara da shekaru wasan bai bar gabashin Amurka ba. A can ne yarinya kan tashi ta tarar da sandar yayarta a jingine bayan ƙofa, a can ne makarantun sakandare ke da ƙungiyoyi, a can ne kuma kofin jami'o'i, wanda hukumar NCAA ta fara sakawa a 1982, yake ta zagayawa tsakanin 'yan gida. Jami'ar Maryland kaɗai ta ɗauke shi sau bakwai a jere, daga 1995 zuwa 2001. Ita kuwa Jami'ar Northwestern tana can Evanston, gefen Shikago, a bakin tafkin Michigan, kusan kilomita 1,000 daga Baltimore, inda ake fara kakar wasa ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Ta taɓa yin ƙungiya daga 1982, ta rufe ta a farkon shekarun 1990. Da ta tashi farfaɗo da ita a 2002, sai ta damƙa aikin a hannun Kelly Amonte Hiller, wadda ba ta cika shekara 30 ba a lokacin. Kelly gwana ce ta gaske, tana cikin 'yan Maryland da suka ɗauki kofin 1995 da na 1996. Amma sunanta bai sa fitattun 'yan sakandare sun yi rububin zuwa ba. Wace yarinya za ta bar Maryland ko Virginia ta tafi inda ba a taɓa cin komai ba?

Sai ta ɗebo waɗanda manyan ƙungiyoyi suka tsallake, yawancinsu 'yan aji ɗaya, ta kuma baza ido a harabar jami'ar. Wata rana ta ga wasu tagwaye, Ashley da Courtney Koester, suna sassarfa don motsa jini. Ba su taɓa riƙe sandar lakuros ba. Ta tsayar da su, ta ce su zo su gwada. Sauri da numfashi ta gani a jikinsu, sauran kuwa ta san za ta iya koyarwa. A kakar farko, ta 2002, wasa 15 suka buga, aka doke su a 10.

To, me ake fara koya wa wadda ba ta san komai ba? Riƙe ƙwallo, kuma a nan dokar mata ta tsaurara. 'Yar ragar nan ta kan sanda, wadda suke kira aljihu, ba a yarda ta yi zurfi ba. In za a duba sanda, alƙaliya kan jefa ƙwallo cikin aljihunta, ta ɗaga ta daidai idonta. In ba ta hango saman ƙwallon ya leƙo ta bakin sandar ba, sandar ba za ta shiga fili ba sai an ɗame igiyoyinta. A sandar maza ƙwallo na iya nutsewa ya kwanta abinsa. A ta mata kullum a shirye yake ya fice.

Abin da ke tsare shi wani motsi ne da zan kira lilo. Hannun sama yana riƙe da sandar kusa da wuyanta, da 'yan yatsu, ba a damƙe a tafi ba. Hannun ƙasa yana can gindi, a sake, don sandar ta sami damar juyawa a cikinsa. Sai wuyan hannun sama ya naɗo sandar daga saitin kunne zuwa saitin hanci, ya mayar, ya sake naɗowa, rabin da'ira rabin da'ira. Duk abin da ake juyawa a da'ira yakan nemi ya fice waje, a nan kuwa wajen da ƙwallon ke neman ficewa nan ne raga take, don haka lilon da kansa ke danna shi cikin aljihu. Muddin sanda na lilo, ƙwallon na manne. Da zarar lilon ya tsaya alhali ƙafa na gudu, ya yi tsalle ya bar ta.

Faɗa da baki ba wuya. Wuyar tana wajen awo. In lilon ya wuce kima, a ƙarshen naɗowa ƙwallon zai yi waje. In ya yi sanyi, girgizar gudu ta kakkaɓe shi. Dole ne kuma ya dace da takun ƙafa, sauri da sauri, sannu da sannu. Duk macen da ta iya bakace ta san wannan ilimi ko ba ta taɓa jin sunan lakuros ba. Faifai ba shi da zurfi, amma tsaba ba ta zuba, domin wuyan hannu ya san daidai ƙarfin da zai watsa ta sama, in ta dawo kuma faifan ba ya tsaya mata ƙiƙam, yakan ɗan sauka da ita ya tarbe ta a hankali. Mai koyo takan zubar da gero a ƙasa, uwarta kuwa tana yi tana hira, ko kallon faifan ba ta yi. Wannan rashin kallo shi ne matakin da ake nema. 'Yar wasan da ke kallon sandarta ba ta ganin abokiyar da ta sami sarari a gefe, ba ta ganin mai tahowa ta bayanta. Sai ta kai inda nauyin ƙwallon ke gaya wa yatsunta inda yake, sannan idonta zai sami sukunin duba fili.

Cafewa ma sirrinta ke nan. Ƙwallon roba ne, da gudu yake zuwa. In ya tarar da sanda a sandare sai ya dunguri raga ya koma inda ya fito. Sabuwar shiga takan kai masa sara, tana neman ta cafko shi a iska. Gwana kuwa sandarta take nuna wa mai jifa kusa da kunne, alamar nan za a aiko, sannan daidai lokacin da ƙwallon ya taɓa igiya ta ja sandar baya kaɗan, ƙarfinsa ya mutu, ta zarce da lilo ba tare da ta rage gudu ba. Jifa kuma aikin hannu biyu ne masu saɓani: na sama ya tura, na ƙasa ya jawo gindin sanda, ƙugu ya juya. Daga ƙugu ƙarfin ke tasowa, wuyan hannu ne ke nuna masa hanya.

Akwai kuma aikin da ba a yi masa tafi amma shi ke cin wasa, wato kamfatar ƙwallon da ya faɗi ƙasa. Mutum huɗu ko biyar kan rufu a kansa. Wadda ta tsaya a miƙe tana zungura ba za ta samu ba, doka kuma ta hana a kife masa raga don a hana wasu. Sai an rusuna sosai, har hannun baya ya kusa shafar ciyawa, a zura bakin sanda ƙarƙashinsa, a keta tsakiyar cincirindon a guje.

Duk waɗannan sai an iya su da dama, an kuma iya su da hagu. Mu da aka rene mu a kan cewa ba a ci da hagu, ba a karɓa da ita, mun san yadda hannun nan yake da ƙiwa. Amma mai hannu ɗaya a lakuros an gama da ita, domin mai tsaro za ta tare mata gefen da ta iya, ta bar mata wanda ba ta iya ba. Mai hannu biyu kuwa kullum jikinta take sakawa tsakanin sanda da abokiyar hamayya. Aka biyo ta dama, ta mayar hagu. Maganin abin ba ya bukatar fili ko koci. Bango ya wadatar. A tsaya 'yan taku daga bango, a jefa, ya dawo, a cafe, da dama sannan da hagu, kullum. Manyan gwanayen wasan ba sa daina zuwa bango. Yau da gobe, in ji Bahaushe, shi ke sa allura ginin rijiya.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne tsaro, domin a nan ake ganin ƙarfi tare da kamun kai. Kowace ƙungiya mutum 12 ce har da mai tsaron raga, kuma in ban da ita mai tsaron ragar, kariyar da doka ta wajabta ba ta wuce tabarau na waya da robar haƙori ba. Ga sanduna na yawo a iska, ga ƙwallo mai tauri. Horo da doka su ke tsare kawunan yaran nan. An yarda a doki sandar mai ƙwallo, amma bugu gajere, ba wanda ya nufi jiki ba. Kewayen kai kuwa haramtaccen wuri ne. Mai tsaro ba ta da izinin tsayawa haka kawai tsakanin mai harbi da raga, sai in tana manne da wata tana tsaronta. In ta yi, nan take za a busa usur a ba abokan hamayya bugu daga layin mita 8. Ita ma mai harbi, in ta saki ƙwallo da ganganci ya sami mutum, ko sandarta ta bi ta doki wata, kati za ta sha. Saboda haka tsaro ya koma aikin ƙafa: a bi mai ƙwallo taku da taku, a karkatar da ita gefen fili, a kira abokiya a rufe ta su biyu. A nan ne 'yan Kelly suka yi suna. Maimakon su ja baya su jira a bakin raga, sai su fito su matsa wa mai ƙwallo tun daga nesa, su hana ta sakat har ta yi jifan da bai da saiti. Salon yana cin numfashi ƙwarai, numfashi kuwa shi ta fara tarawa tun ranar da ta tsayar da masu sassarfa.

Sai take wasa, wanda bai yi kama da na ƙwallon ƙafa ba ko kaɗan. A farkon wasa da bayan kowane ci, mutum biyu kan tsaya a tsakiyar fili, su haɗa bayan sandunansu sama da ƙugu, alƙaliya ta cusa ƙwallo tsakanin aljihunan biyu. Ana busa usur sai kowace ta fizga sama, ƙwallon ya tashi ya wuce kawunansu, a yi rububinsa. Lura da abin da wannan ke nufi: ƙungiyar da aka ci ba a miƙa mata ƙwallo don ta rama. Wadda ta iya fizga tana iya ci, ta sake karɓa, ta sake ci, abokan hamayya na tsaye ba su ko taɓa ƙwallo ba. Gwanar fizga takan duba yadda aka ajiye ƙwallon, ta riga ta gabanta murza wuyan hannu da ƙiftawar ido, ta aika shi inda ta ga dama, ko dai sama daidai kanta don ta miƙa hannu ɗaya ta cafe, ko ta saman kafaɗarta zuwa ga abokiyar da suka yi alama da ita. Abu ne na daƙiƙa ɗaya, amma sau da yawa wanda ya duba lissafin fizga zai iya faɗin wadda ta ci wasan tun bai ga sakamako ba.

Ga yadda koyon ya biya. A 2003 'yan Kelly suka ci wasa 8, aka ci su 8. A 2004 suka ci 15 cikin 18, suka shiga gasar ƙasa. A 2005, shekara ta huɗu, lokacin da 'yan aji ɗayan nan suka zama 'yan ajin ƙarshe, wasa 21 suka buga ba wanda ya kayar da su, suka doke Virginia mai riƙe da kofi da ci 13 da 10 a wasan ƙarshe a Annapolis, babban birnin jihar Maryland, cibiyar wasan. Tagwayen nan suna cikin waɗanda suka ɗaga kofin. Shi ne karo na farko da kofin lakuros na manyan jami'o'i, na maza ko na mata, ya bar gabashin ƙasar. Wanda ya zaci katari ne bai daɗe da zaton ba: Dartmouth ta sha kashi a 2006, Virginia ta ƙara sha a 2007, Pennsylvania a 2008, North Carolina a 2009 da ci 21 da 7. Biyar a jere. Maryland ta karɓe a 2010, suka ƙwato a 2011, suka ƙara a 2012, bayan dogon jira kuma suka ɗauki na takwas a 2023, duk a hannun mace ɗaya. Daga cikin 'yan 2005 ɗin ne Kristen Kjellman ta fito, ta karɓi kyautar Tewaaraton ta gwanar shekara a 2006 da 2007, sannan Hannah Nielsen, wadda ta taso tun daga Ostireliya, ta gaje ta a 2008 da 2009.

Akwai lokacin da iya riƙe ƙwallon nan ya zama abin ƙorafi. A da ba a ƙayyade lokacin da ƙungiya za ta yi da ƙwallo ba, don haka wadda ke gaba da ci ɗaya ko biyu tana iya ta zagaye da shi har usur ɗin ƙarshe. Wasannin ƙarshe na 2011 da 2012 sun tashi 8 da 7, da 8 da 6. A 2017 aka kawo agogo: daƙiƙa 90, ko a kai hari ko a miƙa ƙwallo. A ganina dokar ta yi daidai, domin an yi gwanintar ne don a je raga da ita.

Wasan ya fara leƙo Afirka. 'Yan Yuganda maza sun je gasar duniya a Denver a 2014, 'yan matan Kenya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je tasu a Kanada a 2019. A 2028 kuma zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, da sabon salo na mutum shida-shida a ƙaramin fili, maza da mata.

Ban kawo wannan labari don nishaɗi kawai ba. A nan gida, Kazaure gari ne na makarantu. Ga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, ga cibiyar Informatics, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021. 'Yan mata daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun nan suna zuwa makaranta da hannun da ya goge a carafke tun suna ƙanana, da ƙafar da ta saba da doguwar tafiya. Ranar gasar gidaje a sakandare kowa yakan ga masu gudu a cikinsu, a yi musu tafi, a ba su kyautar bokiti ko faranti, washegari a manta. Da yawa daga ranar ba sa sake gudu.

Na san abin da iyaye za su fara tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: sutura da cuɗanya. Wasan da aka hana bangaza a cikinsa, wanda ya girma a makarantun mata zalla, ba abin da zai hana a buga shi da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, a cikin katanga, mace na horarwa, mace na alƙalanci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai tun 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Malamanmu kuma sun sha karanta mana cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Babbar matsalar ita ce kaya, domin sandar lakuros sai an yo odarta daga waje. Amma a salon shida-shida, sanda 12 da 'yan ƙwallaye da bango sun isa a fara. In ma hakan ya yi nisa, ga ƙwallon hannu, ga ƙwallon raga, ga ƙwallon gora, waɗanda ɗaliban manyan makarantun ƙasar nan ke fafatawa a kansu a gasanni irin su NUGA da NIPOGA, kuma hanyar gina ƙungiyarsu ɗaya ce da wadda Kelly ta bi.

Kirana ga shugabannin makarantun yankin nan da malaman wasanni, musamman mata daga cikinku: a gasar gidaje mai zuwa ku riƙe takarda da biro, ku rubuta sunayen yaran da suka yi fice a gudu, har da waɗanda suka zo na uku da na huɗu. Ku taka ku sami iyayensu, ku yi musu bayani ido da ido. Ku ware musu fili da lokaci da malama guda da za ta tsaya a kansu, ku kuma ɗauki alkawari tun farko cewa ba za a rushe ƙungiyar don an sha kashi a shekarar farko ko ta biyu ba. Shekara huɗu za ku ba su.